Motar Baffa da littafin da ke cikin aljihunta

Da aka zo rabon gadon Baffa, ba wanda ya ɗaga ido ya kalli motar. Mata ɗaya ya bari da 'ya'ya mata biyu, mahaifina kuwa ya riga shi rasuwa, don haka abin da ya yi saura bayan an fitar da tumuni da sulusi biyu ni ya faɗo wa. Aka yi wa motar kuɗi, na yi ciko, aka miƙo mini makulli a ƙofar gida a Aboabo. Toyota Hilux ce fara, ko in ce a da fara ce, mai injin dizal 3L, irin waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990. A Kano a-kori-kura za a ce mata, mu nan Kumasi pikop muka sani. Goro ta ɗauka, ta ɗauki albasa, ta kai amare, ta kai gawa maƙabarta, kuma ban taɓa ganin an turo ta gida ba.

Wannan shi ya ruɗe ni. Na ɗauka ƙarfin a jikin ƙarfen yake. Na bar tsaron shagon da nake yi a Alabar, na shiga ɗauko doya da masara daga kasuwar Techiman, abin da bai wuce kilomita 120 da 'yan kai ba. Watanni biyar na farko ba abin da nake mata sai zuba mai.

Sai ta fara shan ruwa. Kowace safiya leda ɗaya ta fiya wata nake tsiyaya wa lagireto, daga baya ta koma biyu. Na ce ai tsohuwa ce, tsoho kuwa ba ya rabo da buta. Da allurar zafi ta fara hawa in na hau tudu da lodi, na tsaya wurin wani fita, wato makanike, a bakin hanya. Ya kwance tamostat ya jefa mini a kujera, ya ce wannan na ƙasashen sanyi ne, ba ruwan Gana da shi. Allura ta sauka na mako biyu, ni kuwa har ina yaba masa a majalisa.

Ranar da abin ya faru muna dawowa da doya, mun wuce Akumadan kaɗan, sai na ji wari kamar an bar tukunya a wuta. Kafin in sauka gefe tururi ya rufe gilashi. A nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai in ji kunya: na karɓi galan a hannun yaron mota na sheƙa wa injin ruwan sanyi, yana tafarfasa. Na ji ƙarfe ya yi wani ƙas. Doyar mutane sai a wata mota ta ƙarasa, tawa kuma da igiya aka ja ta zuwa Magazin.

Wanda bai san Kumasi ba, Magazin unguwa ce guda a Suame da ba a yin komai sai aikin ƙarfe da mota. Sunan daga rumbun makaman Turawan mulkin mallaka ya samo asali. Akwai layin masu nozul, da na masu walda, da na masu siprin, da masu injin feƙe ƙarfe waɗanda za su ƙera maka abin da kamfani ya daina yi tun kafin a haife ka. Matar Baffa ce ta kwatanta mini rumfar mutumin da ya riƙe motar shekara da shekaru. Kowa Masta yake ce masa.

Bai buɗe bonet ba. Ya ba ni benci, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya hau tambaya kamar alƙali. Yaushe ta fara shan ruwa? Leda nawa? Da safe in na tashe ta wane irin hayaƙi take yi? Wa ya taɓa ta? Da na ambaci tamostat ya yi shiru, ya dubi yaransa, su kuma suka dubi ƙasa. Sannan ya miƙe ya kwance murfin lagireto, ya juya shi ya sa mini a tafin hannu. Robar da ke ciki ta tsattsage kamar kaushin diddige a lokacin hunturu.

"Ɗan Alhaji, ka ga mai laifin," in ji shi.

Bayanin da ya yi mini ya fi duk abin da na sani game da mota. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Murfin nan aikinsa ya danne ruwan, ya hana shi tafasa sai ya kusa 120. Da robar ta mutu, ruwa ya rinƙa tafasa da wuri yana gudu ta bututu, ni kuma ina bin sa da fiya wata, wanda ba ya hana tsatsa, har tsatsar ta toshe rabin lagireto. Tamostat ba shi da laifi. Shi mai gadin ƙofa ne, yana tsare ruwa har inji ya yi ɗumi ya haura digiri 80 sannan ya buɗe. Cire shi bai warkar da komai ba, bakin allura kawai ya rufe, ga inji yana aiki da sanyin jiki kowace safiya yana ƙara shan mai. Murfin da bai kai kuɗin shinkafa da wake na kwana uku ba, shi ya ƙona gaskit, ni kuma na ƙarasa kan injin da ruwan sanyi. Da aka zaro sandar baƙin mai, man ya gauraya da ruwa, ya koma kamar shayi da madara.

An kai kan injin gwaji aka ga ya tsage tsakanin bawul biyu, feƙewa ba za ta yi ba. Muka yini neman na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga waje, da muke kira homyus. Masta ya ƙi uku kafin ya karɓi na huɗu, kuma sai da ya ɗora masa ƙarfen awo ya haska da tocilan. Kwana tara na yi a rumfar nan ina wanke kusoshi a man dizal. Na ga yadda ake ɗaure kan inji daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye, ba a ƙarasa kusa ɗaya a bar 'yan'uwanta. Na koyi tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filtar mai, da danna famfon hannu har iska ta fita. Kuɗin kuwa ya cinye ribar wata huɗu, gara kar in faɗa.

A rana ta bakwai ne ya tambaye ni littafin. Na ce wane littafi? Ya buɗe aljihun gaban mota, ya tura hannu ƙarƙashin tsofaffin takardun inshora, ya zaro wani ɗan littafin makaranta da maiƙo ya rina. Duk watannin nan yana gabana ban taɓa ɗaga shi ba. Da ajami Baffa ya rubuta, ni kuma ajamina ya tsaya tun makarantar allo, sai da matarsa ta sa tabarau ta karanta mini da dare. Kwanan wata ne da abin da aka yi: baƙin mai, giris, birki, busa filtar iska kowane mako in hunturu ya kama. Shafukan farko kuɗin miliyoyi ne, na tsohon sidi, kafin 2007 da aka yanke sifili huɗu. Murfin lagireto ya fito sau biyar. Shi bai jira ya lalace ba.

Akwai layin da ya tsinka mini zuciya. Tayimin bel na wannan inji a kilomita 100,000 ake canza shi, in ya tsinke ana tafiya fistin da bawul ne za su yi karo. Mitar motar ta daɗe da tsayawa, shi ya sa Baffa yake ƙirga tafiye-tafiyensa da zane a bangon littafin, biyar-biyar. Lissafinsa ya nuna saura kaɗan a canza lokacin da ciwo ya kwantar da shi, ni kuma na ɗora mata wata takwas na Techiman a kai. Da Masta ya ciro bel ɗin ya lanƙwasa shi, haƙora biyu sun fara ɓallewa daga gindi.

Shafi goma sha ɗaya suka rage a littafin. Na ci gaba daga inda ya tsaya, da boko, a ƙarƙashin ajaminsa. Jiya bayan asuba na duba ruwa, yana nan inda na bar shi ranar Litinin.