Abin da aikin naɗar murya ya koya mini game da kunne

Duk mai aikin rubuta hirar da aka naɗa ya san wannan takaici. A ɗakin taro kana jin mai magana tar, amma da ka kunna naɗin sai ka ji ƙarar fanka, tari, jan kujera da muryoyi duk sun cakuɗe. Na'urar lafiyarta ƙalau. Wannan cakuɗin shi ne ya bugi dodon kunnenka tun farko, ƙwaƙwalwa ce ta tsefe shi ba ka sani ba.

Albert Bregman na Jami'ar McGill a Kanada ya tattara bayanin wannan tsifa a littafinsa na 1990. Sautukan da suka tashi tare suka tsaya tare, ƙwaƙwalwa na ɗaukar su daga wuri ɗaya suka fito. Tana bin kaurin murya ko sirantakarta kamar mai bin zare cikin saƙa. Tana kuma auna ɓangaren da sauti ya fito, domin wanda ya zo daga dama yakan riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wannan na ƙarshen ne makirfo guda ɗaya ke zubarwa. Toshe kunne ɗaya cikin hayaniya ka ji yadda hira ke kuɓuce maka.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai na masanin kimiyya Colin Cherry ne, a 1953. Ya sa wa mutane magana daban a kowane kunne, ya ce su riƙa maimaita ɗaya. A ɗaya kunnen aka juya daga Turanci zuwa Jamusanci, yawancinsu ba su lura ba. Amma da muryar namiji ta koma ta mace, sun gane. Ashe abin da ka ƙyale ma ana sa masa ido, sama-sama dai.

Haka nake gani a wurin aiki. In mace da namiji suka yi magana a tare, nakan iya raba kalmominsu. In maza biyu ne masu murya iri ɗaya, sai na yi ta mayar da naɗin baya, wani lokacin in haƙura in bar gurbi. Manhajojin tace sauti na rage ƙarar fanka, amma a ganina a nan ba su kai kunne ba tukuna. Shi ya sa kafin a fara hira nake kai makirfo dab da bakin mai magana, in roƙi sauran su jira ya dire.