Kalmomin Turancin da suka ishe ni

Aikina ya haɗa ni da Turanci daga safe har yamma: wasiƙun imel, rahotanni, tarukan da ake yi ta bidiyo ana kallon fuskokin juna a ƙananan akwatuna. Saboda haka akwai maganganun da kunnena ya ƙoshi da su, in na ji an ɗauko su sai in ji raina ya ɓaci tun kafin a kai ƙarshen jimlar.

Sarkinsu shi ne "at the end of the day". Mai faɗinsa yana nufin "in an duba gaskiyar lamari", amma a zahiri shirin maimaita abin da ya riga ya faɗa yake yi, sai ya sa masa rawani don a ɗauka hukunci ne ya yanke. Ba ni kaɗai nake jin haushinsa ba. A 2004 ƙungiyar Plain English Campaign ta Ingila, wadda Chrissie Maher ta kafa a 1979 don yaƙi da rubutun hukuma mai ɗaure kai, ta tambayi magoya bayanta maganar da ta fi ƙona musu rai, wannan ce ta zo ta ɗaya. A 2008 wani jeri da aka fitar daga binciken Oxford ya sake ba ta matsayi na farko, da "with all due respect" da "absolutely" da "it's not rocket science" a bayanta. A 2022 kuma ta shiga jerin kalmomin da jami'ar Lake Superior State ta jihar Michigan a Amurka ke "korewa" daga harshe kowace sabuwar shekara. Tun 1976 jami'ar take wannan wasa, ita da kanta ta san wasa ne. Ana ta zagin maganar, ita kuwa ko a jikinta.

A Amurka kwalejin Marist ta riƙa yin ƙuri'ar jin ra'ayi kan kalmar da ta fi ban haushi a hira. Tun daga 2009 "whatever" ta riƙe kambin sama da shekara goma. Na gane dalili. Kalma ce ta rufe baki: kana tsakar bayani, sai wani ya ɗaga kafaɗa ya jefo maka ita, ma'ana kai ka sani, ni ban damu ba. Duk da haka ba na ƙin ta sosai, don aƙalla ba ta da munafunci. Raini ne a fili, ka san inda ka tsaya.

Haka ma "literally", wadda masu ilimin boko ke son yi wa tsawa. Asalin ma'anarta "a zahiri, ba ƙari", amma yanzu yarinya sai ta ce "I literally died", wato a zahiri na mutu, alhali ga ta tsaye tana dariya. Masu gyaran Turanci suka tayar da ƙura a 2013 da suka lura ƙamus ɗin Oxford ya riga ya shigar da wannan ma'ana ta zuguguwa. Abin da ba sa son a tuna musu shi ne tsohon abu ne. Marubucin Amurka Mark Twain ya yi amfani da ita haka a 1876, ya ce yaron labarinsa yana "literally rolling in wealth", kuma yaron ba birgima yake yi cikin kuɗi ba. Ni dai na yafe wa "literally", na yafe wa "like" da matasa ke cusawa tsakanin kowace kalma biyu. Mai magana yana neman numfashi ne ko yana neman ƙara armashi, ba ya cutar kowa.

Waɗanda ban yafe wa ba su ne maganganun manya, masu kwat da masu muƙami, waɗanda aka ƙera don a faɗi abu ba tare da an ɗauki nauyinsa ba.

Ɗauki "with all due respect", wato da dukkan girmamawa. Ban taɓa jin girmamawa ta biyo bayanta ba. In aka faɗe ta, ka shirya, cin fuska ne ke tafe, an dai riga an sayi kariya. 'Yar'uwarta "no offence" ma haka take: mutum zai ɓata maka rai, sannan ya hana ka fushi tun kafin ka fara. "To be honest", wato maganar gaskiya, kuwa takan sa in tambayi kaina, to duk abin da ka faɗa a baya fa?

A ofis abin ya fi muni. Ba a korar ma'aikaci, sai dai a ce an "let him go", kamar dama shi ne yake ta roƙon a sake shi. Ba a rage ma'aikata, ana "rightsizing" ne. In ka kawo matsala a taro aka ce "let's circle back", wato za mu dawo kanta, to an binne ta ke nan, ba ranar tonowa. "Going forward", wato daga yanzu, ita ce ta fi ba ni mamaki, domin kusan duk jimlar da aka sa ta, in ka cire ta ba abin da ya ragu. Amfaninta ɗaya: ta janye idonka daga ɓarnar da aka yi jiya ta mayar da shi kan gobe. Sannan ga "it is what it is", wato haka abin yake, wadda a bakin marar ƙarfi haƙuri ce, amma a bakin wanda ke da ikon gyara abu ƙin gyarawa ce.

'Yan siyasa su suka kai wannan sana'a ƙololuwa. A jawabinsa ga majalisar dokokin Amurka a Janairun 1987, kan badaƙalar sayar wa Iran makamai a ɓoye, Ronald Reagan ya ce "serious mistakes were made". An yi kurakurai. Wa ya yi su? Jimlar ba ta da mai aikatawa, kuskuren ne ya wayi gari ya yi kansa. Tun daga nan shugabanni da kamfanoni ba su daina aron wannan salo ba. Kamfanin jirgin sama zai soke tafiyarka ya bar ka a filin jirgi, sannan ya rubuto "we apologise for any inconvenience caused", wato a yi haƙuri da duk wata wahala da aka jawo. Wannan "any" ɗin ita ke ci mini tuwo a ƙwarya, wai ba su da tabbas ko an wahala.

Annobar korona ta 2020 ta ƙaro nata kaya. Kowace sanarwa sai ta fara da "in these unprecedented times", har bankuna da masu sayar da takalma suka riƙa tabbatar mana "we're all in this together". Jerin jami'ar Lake Superior State ɗin na 2021 ya kwashe "unprecedented" da "we're all in this together", na 2022 ya haɗa da "new normal" da "you're on mute". Ta ƙarshen nan kam ban ga laifinta ba, gaskiya ce tsagwaronta: mutum na ta zuba bayani, bakinsa na motsi, ba wanda ke jin sa.

Akwai wata da ke shigowa akwatin imel ɗina kusan kullum, "as per my last email". A rubuce ladabi ce. Abin da take nufi shi ne "na riga na gaya maka, ba ka karatu ne?" Wani abokin aikina in ya fusata sosai sai ya ƙara mata "kind regards" a ƙasa, in kuma fushin ya wuce misali sai ya cire "kind" ɗin ya bar "regards" kawai. Duk ofishin mun san bambancin.