Matashin da muka biya ya kutsa cikin kwamfutocinmu

Ƴan uwa, a ofishin aika kuɗi da nake aiki nan Yamai an ɗauko wani matashi ya yi kutse cikin kwamfutocinmu, da saninmu, don a ga inda ɓarawo zai iya bi. Bai taɓa komai ba sai da aka rubuta takarda: na'urorin da zai gwada, ranar farawa da ta gamawa, maigida ya sa hannu. Matashin ya ce dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta haramta shiga na'urar wani ba izini.

Ya shiga ta wata kalmar sirri da ba a canza ba tun da aka sayo na'urar. Sunayen masu hulɗa da mu, lambobin wayarsu, kuɗin da ƴan ci-rani ke aiko wa iyayensu daga Abijan, duk ga su a gabansa, ba mai ganinsa sai Allah. Nan ya tsaya. Hoto ɗaya ya ɗauka na shaida, shi ma ya rufe sunayen, ya kira maigida a daren: "Alhaji, a toshe wannan kafin safiya." Wallahi wannan riƙon amana ya fi burge ni kan gwanintarsa.

Ko ma'aikatar tsaron Amurka ta gayyaci irinsu a 2016, ta biya su ladan ɓarakar da suka gano. Mu kuwa har yanzu wasu na yi musu kallon ɓarayi, abin yana min ciwo. Wata mai zuwa zai dawo ya sake gwada gyaran da muka yi.