Na ji ta bakin Napoliyon, sannan na ji ta bakin wadda ya kora

Da littafin Las Cases na fara, wanda ya fito a 1823. Las Cases shi ne mutumin da ya bi Napoliyon, sarkin Faransa, zuwa tsibirin Sent Helena inda aka tsare shi bayan kayen da ya sha a yaƙin Watalu a 1815, yana rubuta hirarrakinsu kusan kullum. Wata biyu na yi ina karanta shi bayan sallar isha'i, da ƙamus a gefena, don Faransancina na makaranta ne. Gaskiya tausayi ya kama ni. Mutumin da sarakunan Turai suke rawar jiki a gabansa, ga shi a gidan Longwood mai danshi da ɓeraye, gwamnan tsibirin Hudson Lowe ya ƙi ko kiransa sarki, sai dai Janar Bonapat. Na rufe littafin ina ganin an zalunce shi.

Sai na ɗauki na Madam de Staël, marubuciyar Faransa, wanda ta rubuta kan shekarunta goma na gudun hijira. A nan jikina ya yi sanyi. Matar nan ba ta da soja ko ɗaya, alƙalami ne kawai da falon da masu ilimi ke taruwa. A 1803 Napoliyon ya hana ta kusantar Paris da kimanin kilomita 160. Daga baya ta koma gidan mahaifinta a Coppet, a ƙasar Suwizalan. A 1810 an gama buga littafinta kan Jamus, ministan 'yan sanda Savary ya sa aka lalata kwafi 10,000, ya kuma rubuto mata cewa littafin ba na Faransawa ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne har masu kai mata ziyara ba su tsira ba: ƙawarta Madam Récamier ta je gaishe ta, ita ma aka kore ta daga Paris. Wannan shi ne a raba mutum da jama'arsa yana raye.

A watan Mayun 1812 ta shiga keken doki da mafici a hannu, kamar mai fita shan iska, ba ta tsaya ba sai Ostiriya, daga nan Rasha. Ta bar Mosko makonni kaɗan kafin sojojin Napoliyon su shiga, ta bi ta Suwidin, ta isa Landan a 1813.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki Las Cases a matsayin shaida, alhali almajiri ne mai ƙaunar malaminsa, shi kuma malamin ya san da 'yan baya yake magana. Sai na ja layi a tsakiyar takarda, na riƙa jera shekaru: abin da sarkin ya ce game da son 'yanci a dama, abin da ya aikata a hagu. Ita ma Madam de Staël ban ɗauki maganarta dukka ba. Fushi ya rufe mata ido, da wuya ka ga ta yaba masa a kan wani abu. Amma kwafi 10,000 ɗin nan an lalata su, ko ta yi fushi ko ba ta yi ba.

Ta rasu a 1817 ba ta kammala littafin gudun hijirar ba. Ɗanta ne ya fitar da shi a 1821, shekarar da Napoliyon ya mutu a tsibirin.