Fatsa a Rafin Big Darby da Zaɓen Na'urar Naɗe Zare

A Yawuri, inda na tashi, su sana'a ce ta gado, kuma duk wanda ya tura kwalekwale cikin kogi ya fita ne domin ya ciyar da gida. Manya suna da taru da birgi da mamari, yara kuma suna da fatsa, wadda ba ta wuce sanda da zare da ƙugiya da tana ba. Da aiki ya kawo ni Kolumbus, babban birnin jihar Ohayo a Amurka, sai na tarar da wani irin su dabam, wanda magidanci mai albashi yake yi ranar Asabar: ya kama kifi, ya auna tsawonsa, ya zare masa ƙugiya a hankali, ya mayar da shi ruwa. Wani dattijo da muke aiki tare ne ya lura cewa ba ni da wurin zuwa a ƙarshen mako in ban da masallaci da kantin kayan abincin Afirka, shi ya sa ya gayyace ni rafin Big Darby da ke yammacin birnin, wanda gwamnatin tarayya ta sanya cikin jerin kogunan da take karewa tun 1994.

Kafin baƙo ya jefa ƙugiya a nan, akwai dokokin da dole ya sani. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi lasisin su daga hukumar kula da namun daji ta jihar, kuma ba a lissafa mutum a matsayin mazaunin jiha sai ya yi wata 6 a cikinta. Kifin da ake nema a waɗannan rafuka shi ne bas mai ƙaramin baki, kuma doka ta ce kada a tafi da fiye da 5 a rana, kada kuma a tafi da wanda bai kai inci 12 ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a wurare da yawa ƙasan rafin mallakin mai gonar da ke gefensa ne, don haka wanda ya taka ta ba da izini ba ya shiga gonar wani. Saboda haka muke tsayawa a sashen da ke cikin gandun shaƙatawa na Battelle Darby, inda kowa yake da damar shiga.

Ruwan rafin garau yake da rani, bai cika zurfi ba, kifin kuma yana da wayo, yana ganin zare mai kauri ya kauce. Dabarar da ta karɓu ita ce ta sauƙaƙa komai: ɗan guntun koton roba a kan ƙugiya mai kan dalma da nauyinta bai kai giram 2 ba, irin haɗin da ake kira da sunan Ned Kehde, masuncin jihar Kansas da ya yaɗa shi. Koto mara nauyi irin wannan ba ya iya jan zare daga na'urar naɗe zare irin wadda kwarkwaronta yake juyawa lokacin jifa, sai dai daga wadda kwarkwaronta yake tsaye, zaren yana warwarowa daga bakinsa da kansa. Wannan na'ura, wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin sanda, ita ce ta ɗauke mini hankali fiye da sauran kayan, domin a cikinta ne mai ƙaramin ƙarfi zai iya zuba kuɗi a banza ko ya sayi abin da zai daɗe yana mora.

A kanti ana jera waɗannan na'urori da lambobi masu nuna girmansu, 1000 da 2000 da 2500 har zuwa manya na teku. Masu su a rafi sun rabu gida biyu. Wasu suna son 1000 saboda ba ta gajiyar da hannu, wanda kuwa ya yini yana tafiya cikin ruwa a kan duwatsu masu santsi, yana jifa ba hutawa, ya san darajar kowane giram da aka rage masa. Wasu kuma suna son 2500 saboda faɗin kwarkwaronta, domin zaren roba idan ya daɗe a naɗe a kan ƙaramin kwarkwaro yakan riƙe lanƙwasa, ya fito a murɗe, ya rage nisan jifa. Ni na tsaya a kan 2000 mai nauyin kusan giram 200, a kan sanda mai laushi ta kusan mita 2, na cika ta da kitsattsen zare siriri wanda ba ya riƙe lanƙwasa, sannan na ɗaura masa a gaba kamu biyu ko uku na zaren roba mai ƙarfin ɗaukar nauyin fam 6 wanda da ƙyar kifi yake ganinsa.

Amma abin da ya fi girman na'ura muhimmanci shi ne birkinta, wato faifayen da ke cikin kwarkwaro waɗanda suke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi. Bas mai ƙaramin baki kifi ne mai zuciya. Da zarar ya ji ƙugiya yakan tuma sama, ya faɗo, ya bi igiyar ruwa da gudu, kuma a wannan fizgar ta farko ne zare siriri yake tsinkewa idan birki ya cije kafin ya saki. Dattijon nan ya nuna mini yadda ake gwadawa tun a kanti: a ɗaure birkin kaɗan, a juya kwarkwaron da yatsu, a ji ko yana tafiya sumul ko yana tsalle-tsalle. Gwajin daidai yake da yadda tela yake jan zaren kekensa da hannu kafin ya fara ɗinki. A bakin ruwa ana saita birkin ya fara saki a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. A ganina, na'ura mai araha da birki mai laushi ta fi mai tsada da aka cika kwalinta da lissafin boris, wato ƙwallayen ƙarfen da ke sauƙaƙa juyi, domin yawan boris ba ya nuna ingancinsu.

Saurin naɗi ma yana da nasa dalili a rafi. Ana yin jifa ne ta wajen da ruwa yake fitowa, ruwan ya gangaro da koton zuwa ga mai su, kuma idan ba a kwashe zaren da ya saki da wuri ba, kifi zai taɓa koto ya tofar ba a ji ba. Na'urar da take naɗe zare sau 6 da 'yan kai a kowane juyin hannu ta fi dacewa da wannan aiki fiye da mai sau 5. Shimano da Daiwa na Japan su ne suka fi cika kantuna, kuma suna da masu kyau a kowane farashi, amma na zaɓi Pflueger, sunan da ya samo asali a garin Akron na wannan jiha tun 1881, saboda farashinta ya yi daidai da aljihun wanda yake aika kuɗi gida kowane wata, birkinta kuma ya ci gwajin yatsu.

Lokacin da na gaya wa mahaifina ta waya cewa ina sakin kifin da na kama, sai ya ce, "To, me ya kai ka ruwa?" Na ce, "Baba, rafin ƙarami ne, kifin kuma ba ya saurin girma, idan kowa ya tafi da nasa ba za a sami na baɗi ba." Ya fahimta nan da nan, domin mutanen Kabi ma sun san hana su a wani sashen kogi har sai lokacinsa ya yi. A bakin rafin nan ne na san mutanen da ba zan haɗu da su a wurin aiki ko a unguwa ba, manoma da malaman makaranta da tsofaffin sojoji, kuma yanzu wasu 'yan'uwa daga Nijar da Gana suna bina idan ba su da aikin Asabar.

Na'urar tana son kulawa. Bayan jifa ana mayar da lanƙwasasshen ƙarfen da yake kama zare da hannu, ba da juya mariƙi ba, kuma ba a naɗi yayin da kifi yake jan birki, domin hakan yana murɗe zare. Ba a tsoma ta cikin ruwa ko a ajiye ta a kan yashi. Idan sanyi ya shigo a watan Nuwamba kifin ya koma cikin zurfi, nakan goge ta, in ɗiga mata mai, in kwance birkin gaba ɗaya don kada faifayen su danne juna su taurare kafin watan Afrilu.