Zanen fuska da gawayi: kamannin mutum a inuwa suke

Duk wanda ya fara zanen fuska da gawayi to ido yake fara kaiwa hari. Sai kaga mutum ya zauna awa biyu yana jera gashin ido ɗaya bayan ɗaya, ya gama ya ɗaga takardar, idon kam yayi kyau amma sam ba wanda ake nufi bane. Ni a ganina kamanni suna fitowa ne daga abu biyu kawai, awo da kuma yanda haske da inuwa suka kwanta a fuskar. Gashin ido da ƙofofin gumi duk ado ne da ake sawa daga ƙarshe.

Maganar awo gajera ce. Idan mutum na kallonka kai tsaye, idanunsa suna tsakiyar kai ne, wato rabin tazarar da ke tsakanin ƙoli da haɓa. Yawancin masu koyo sama suke kai su saboda sun manta da girman goshi da gashi. Tsakanin ido da ido kusan faɗin ido ɗaya ne, faɗin fuskar kusan ido 5, kunne kuma daga gira zuwa ƙasan hanci. Amma fa wannan awon na kowa da kowa ne, aikinka shine ka gano inda fuskar da ke gabanka ta saɓa masa, mai dogon hanci ne ko mai gajeriyar haɓa, don a nan ne ake gane shi.

Shi kansa gawayin kala-kala ne. Akwai siririn nan da ake ƙonawa daga reshen wilo ko na inabi, laushi gareshi, baya baƙi sosai kuma da yatsa ma zaka iya share shi, shi yasa dashi ake fara aiki. Akwai wanda ake niƙawa a haɗa da ƙaro a matse, wannan baƙi ne wuluk kuma in ya kama takarda sai dai haƙuri. Sai fensirin gawayi don ƙananan wurare kamar ƙwayar ido da ƙofar hanci. Abinda yasa nafi son gawayi akan fensir na gama-gari shine shi fensir in ka danna shi da yawa ƙyalli yake yi, gawayi kuwa baƙinsa a kwance yake. Takarda kuma a nemi mai ɗan kaushi, mai santsi bata riƙe garin.

To yanzu ga inda aikin yake. Ka ɗan runtse ido ka kalli fuskar ko hoton har ƙananan abubuwa su ɓace, zaka ga saura manyan siffofi guda biyu, ɓangaren haske da ɓangaren duhu. Ramin ido, ƙarƙashin hanci, leɓen sama, ƙarƙashin leɓen ƙasa, wuya a ƙasan muƙamuƙi, waɗannan ka fara cikewa da toka-toka iri ɗaya ba tare da ka damu da komai ba, kuma wallahi tun a wannan matakin in awon yayi daidai zaka fara ganin mutumin yana leƙowa alhali ko ido baka zana ba. In bai leƙo ba kar kayi gaba, gyara yanzu da sauƙi, in ka danna baƙi an wuce wurin.

Hanci bashi da layi a gefe, inuwa ce ke fito dashi. Farin ido ba fari bane tas, ƙwallo ne da fatar ido ta rufe samansa don haka akwai inuwa a sama da gefe-gefe, haƙora ma haka, in ka barsu fari fat ka kuma raba su da baƙin layi sai murmushin ya koma abin tsoro. Farin takarda zalla a barshi don ɗigon hasken cikin ido da wataƙila tsinin hanci. Sannan gefen inuwa iri biyu ne, inda fuska ke lanƙwasa a hankali kamar kunci ana narkar dashi, inda wani abu ya tare haske kamar inuwar da hanci ke jefawa kuma a barta da kaifinta. Akwai kuma ɗan hasken da ke dawowa a cikin inuwa ta gefen muƙamuƙi, mutane na zumuɗinsa suna haska shi da yawa, alhali ko kusa bai kamata ya kai hasken ɗaya ɓangaren ba. Mai duhun fata ma ba baƙi ake lafta masa ko'ina ba, goshi da kunci da karan hanci suna ɗaukar haske sosai.

Kilina ma abin zane ce, musamman mai laushin nan da ake murzawa kamar cingam, kayi mata tsini ka ɗauke gawayi ka fito da silin gashi ko ƙyallin leɓe. John Singer Sargent, mai zanen nan ɗan Amurka, bayan ya gaji da zanen mutane da fenti wajen 1907 ya koma gawayi, yayi fuskoki sama da 700, yawanci a zama ɗaya na 'yan awanni, kuma da burodi yake ɗauke gawayi inda yake son haske. In ka duba aikinsa zaka ga wasu wuraren zane ne kawai sama-sama, riga ma layi kaɗan ce.

Abinda bana so shine yawan murza. Tishu, burushi, auduga, nannaɗaɗɗiyar takardar nan mai tsini, duk suna da amfani, amma in ka murje komai fuskar roba take komawa. Yatsa kuma yana da maiƙo, yana barin tabon da kilina bata cirewa. Ka sa farar takarda a ƙarƙashin hannunka kana aiki, lokaci-lokaci ka ja da baya ko ka duba zanen a madubi, karkatar da idonka ya saba da ita nan take zata bayyana. In an gama a fesa masa fiksatif, wato ruwan feshin da ke riƙe gawayi a jikin takarda, a wuri mai iska, sama-sama kuma daga ɗan nesa, don yana ɗan ƙara duhu, amma in ba'a fesa ba duk abinda ya goga zai kwashe gawayin.