Mun Fito da Teburin Biliyar Daga Mashaya

A nan Garwa ta Kamaru, duk teburin biliyar da na sani, ko dai yana cikin mashaya ko yana bayan wani shago inda samari ke zuba kuɗin caca. Wannan ne ya raba yawancin tsararrakina da sandar biliyar. Mun buga wasan sosai muna samari, amma mutum ya je Makka ya dawo, ya aurar da 'ya'ya, ta yaya surukinsa zai gan shi yana shiga irin wurin nan? Kunya ce ta hana mu, hannun kuwa bai manta ba.

Da na ce zan haɗa gasar dattawa, abu na farko da na yi shi ne neman hayar tebur na kwana biyu. Samari shida suka ɗora shi a kan kura, muka kai shi rumfar ƙofar gidan yayana. Ƙasar wurin ba ta daidaita ba, ƙwallo sai ya riƙa gangarawa kusurwa ɗaya kamar an kira shi. Mun kwashe rabin yini muna cusa kwali a ƙarƙashin ƙafafun kafin ya zauna.

'Yan uwanmu na Najeriya komai sinuka suke ce masa, amma namu ƙaramin tebur ne mai ƙwallaye 15, bakwai naka, bakwai na abokin karawa, baƙi mai lamba 8 a ƙarshe. Sinuka ta ainihi teburinta ƙafa 12 ne, da jajaye 15 da masu launi shida. Wannan sai dai a talabijin muke gani.

Rigimar farko ta shekaru ce. Na ce daga 50 zuwa sama. To rabin mutanenmu katinsu cewa ya yi an haife su "wajajen" shekara kaza, wani ma an rage masa don shiga makaranta. Sai wani tsohon direban motar auduga ya kawo mafita: duk wanda zai iya faɗin inda yake ranar da Shugaba Ahijo ya sauka daga mulki a 1982, ya shiga. Mutum ɗaya ya fara inda-inda, aka yi ta dariya, ya koma benci ya zama mai rubuta maki.

Ban yi tsarin faɗuwa ɗaya a fita ba, kuma ko gobe ba zan yi ba. Dattijo ya sa babbar riga, ya hau mashin daga unguwar Yelwa, a ci shi cikin minti goma a gaban yara a ce ya tafi gida? Ba zai sake zuwa ba. Mutum 16 muka samu, kowa ya ba da sefa 1,000, muka raba su rukuni huɗu, kowa ya tabbata zai buga sau uku. Muna farawa da hantsi, a tashi kafin azahar, don zafin Garwa ba ya barin mutum ya saita ƙwallo da rana tsaka, sai bayan la'asar a dawo.

Dokar kuskure kuwa ta kusa wargaza mu. Wasu sun saba idan ka yi kuskure abokinka ya buga sau biyu, wasu suka ce a'a, ya ɗauki farin ƙwallo ya ajiye inda ya so. Kowa na rantsuwa haka ake yi tun zamaninsa. Na zaɓi bugu biyu, na rubuta a kwali na rataye, na ce wanda bai yarda ba ga kuɗinsa. Babu wanda ya karɓa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ido. Idan mai tabarau ya sunkuya, ta saman gilashin yake kallo, sai ƙwallon nesa ya zama hazo. Na ba su labarin Dennis Taylor, wanda ya ci gasar sinuka ta duniya a 1985 a kan Steve Davis da baƙin ƙwallo na ƙarshe, sanye da tabarau masu tsawo ta sama don wannan matsala. Washegari wani malamin makaranta mai ritaya ya zo ya ɗaure nasa da roba ya ɗaga su har gira.

Shi ya kai wasan ƙarshe da yayana. Saura baƙi kawai, yaya ya miƙe yana dafe da ƙugu ya ce, "Malam, bari in huta, bayan nan ba nawa ba ne yau." Malam ya ce, "Huta Alhaji, ƙwallon ba zai gudu ba." Aka kawo shayi. Yaya ya dawo ya kuskure, Malam ya jefa.

Kyautar turmin shadda ce da wani ɗan kasuwa ya ba mu, don kuɗin shiga duk hayar tebur da kura suka cinye. Mai teburin ya zo ɗauka ran Litinin, ya tarar da dattawa huɗu a kai. Har yanzu muna ciniki, ya ce ba zai sayar ba sai ya ga kuɗi a hannu.